Daga ina Binuwai ya taso, kuma me ya rage a dazukan bakinsa?

Ɗan'uwa sannu da wannan tambaya. Ka ce kai ɗan Jimeta ne, tun kana yaro kake hawa gadar nan kana leƙen Binuwai amma ba ka taɓa sanin daga ina ya taso ba, kuma kana jin ana cewa can samansa akwai gandun daji mai zaki da giwa har yanzu, kana so ka san ko gaskiya ne, sannan me yasa duk damina sai an ce Kamaru ta sako mana ruwa. Toh ni dai aikin daji na yi, na daɗe ina yawo tsakanin Taraba da Adamawa muna bin sawun namun daji da duba bakin koguna, kuma na tsallaka ɓangaren Kamaru ba sau ɗaya ba. Tambayoyin naka uku ne amma in ka bi su duk wuri ɗaya za su kai ka, wato kan dutse, don haka daga can zan fara.

Akwai wani dogon tudu a tsakiyar Kamaru, tudun Adamawa, wanda garin Ngaundare ke zaune a kansa, wajen mita 1,100 sama da teku. In ka je can daga Yola jikinka ne zai fara gaya maka ka canza ƙasa, da asuba sai ka nemi rigar sanyi, kuma ruwan sama da suke samu yakan kai milimita 1,500 a shekara alhali mu a Yola da ƙyar muke kaiwa 1,000. Wannan tudun shi ne randar ruwan yankin gaba ɗaya. Ruwan da ya zuba a kansa kashi uku yake rabuwa, wani ya gangara kudu ya shiga kogin Sanaga ya tafi teku, wani ya yi gabas ya faɗa kogin Lagon ya ƙare a tafkin Chadi, wani kuma ya yi arewa, shi ne namu. Binuwai yana tasowa arewa da Ngaundare a wajen mita 1,300, ɗan rafi ne a can wanda yaro zai tsallake, sai ya sulalo ta gangaren dutsen da gudu. Duk direban babbar mota da ya taɓa bin hanyar Ngaundare zuwa Garwa ya san gangaren nan, kwana ne bayan kwana, ƙaurin birki kawai kake ji. Kafin kogin ya iso Garwa ya riga ya sauko zuwa wajen mita 200.

Nan ne fa abin lura. Tsawon Binuwai duka kusan kilomita 1,400 ne, amma kusan duk saukowar da zai yi ya gama ta a ƴan ɗaruruwan kilomita na farko, daga Garwa zuwa Lokoja inda ya haɗu da Kwara, tafiyar kusan kilomita 1,000, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Kaga ruwan yana zuwa da ƙarfin dutse ya tarar da fili, ba inda zai yi sauri, sai ya zube yashin da ya ɗauko ya bazu hagu da dama. Shi yasa da rani kake ganin tsibiran rairayi a Jimeta har ana noman kankana da kwasar yashi da tifa, da damina kuma wurin ya koma kamar teku.

Af, kafin in manta, in kana duba taswirar wajen za ka yi ta cin karo da wasu kalmomi, Fulatanci ne. Mayo kogi kenan, hosere dutse, chabbal kuma shi ne tudun nan mai faɗi a kan dutse inda ake kiwo. Sunan Binuwai kansa kuwa daga bakin Batawa ya fito, ana fassara shi da uwar ruwa.

Yanzu rassansa. Dab da Garwa Mayo Kebbi ke shigowa daga Chadi, kar ka haɗa shi da Kebbin Argungu, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi wannan ta tafkin Lere yake biyowa, kuma a shekarar da Lagon ya cika ya batse, ruwansa kan malala ta fadamun Tuburi ya shigo Mayo Kebbi, wato ruwan da ya kamata ya tafi tafkin Chadi sai ga shi ya biyo ta ƙarƙashin gadarku. Amma babban reshen da nake so ka riƙe sunansa shi ne Faro.

Faro ma daga wajen Ngaundare ya taso, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 300, ya karɓi Mayo Dewo da ke gangarowa daga duwatsun kan iyaka, ya bi ta gindin duwatsun Alantika inda ƙabilar Koma ke zaune, sannan ya zuba cikin Binuwai daidai kan iyakarmu da Kamaru, gabas da Yola. Mutane ba su cika sanin sa ba don ba shi da babban birni a bakinsa, amma ruwan da yake kawowa da damina bai gaza na Binuwai da yawa ba a wurin da suka haɗu. Na taɓa tsallaka shi da ƙafa a watan Maris, rairayi ne fari mai faɗin gaske kana tafiya yana cin ƙafarka don zafi, sai ɗan siririn ruwa iya gwiwa a tsakiya, wanda ke mana jagora ya nuna min ciyawa da karmami da suka maƙale a reshen wata bishiya can sama da kaina, ya ce bara nan ruwa ya kai. Na ɗaga hannu ban taɓo wurin ba. Tun ranar na daina yi wa Faro kallon ƙaramin kogi.

Kuma tarihinku na nan a bakinsa. Gurin, inda Modibbo Adama ya fara zama kafin ya koma Ribadu sannan ya kafa Yola a 1841, a gefen Faro take. Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya zo ƙasar Hausa da Borno, a mahaɗar Faro da Binuwai ya fara ganin kogin a 1851 yana kan hanyarsa ta zuwa Yola. A lokacin duk ƙasar Fombina ce guda, wato masarautar Adamawa ta da, Garwa da Ngaundare da Rai Buba duk suna kallon Yola. Ingila da Jamus ne suka ja layi a ƙarshen ƙarni na 19 suka bar Yola a nan, yawancin ƙasarta a can, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta dawo da su Ganye da Toungo da Gashaka cikin Najeriya. Kogin dai yana inda yake.

Toh maganar Kamaru ta sako ruwa. Eh akwai dam ɗin Lagdo, an gina shi tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƴan China, kamar kilomita 50 sama da Garwa, yana ba da wuta megawat 72 ga arewacin Kamaru, tafkinsa ya doshi murabba'in kilomita 600. In ya cika dole a buɗe ƙofofi don in aka ƙi dam ɗin ne zai tafi gaba ɗaya, kuma ba na musu cewa sakin da aka yi a 2012 da 2022 ya ƙara wa mutane masifa, a 2012 hukuma ta ce mutum 363 suka rasu sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, a 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, Allah Ya jiƙan su. Amma ka duba taswira da kyau. Mayo Kebbi a ƙasan Lagdo yake shigowa. Faro ma a ƙasan Lagdo, kuma babu wani dam a kansa da ke tare shi. In ka wuce Yola ga Gongola a Numan, ga Taraba, ga Donga, ga Katsina-Ala, duk waɗannan ba ruwan Lagdo da su. Don haka ko da an toshe Lagdo ɗigo bai fita ba, in aka kwana uku ana tafka ruwa a kan Alantika da chabbal ɗin kan iyaka, Faro shi kaɗai ya isa ya shiga gidaje a Fufore da Yola. Dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangarenmu tun shekarun 1980 don ya tare wannan ruwan, har yau ba a gina ba, kuma ni a ganina ya kamata mu riƙa ambaton sa duk lokacin da muka ambaci Lagdo. Su ma fa mutanen ƙasan dam ɗin a Kamaru sun ji a jikinsu ta wani ɓangaren, ambaliyar da ke jiƙa musu laka su dasa masakwa da kaka ta ragu tunda aka tare kogin.

Yanzu namun daji. Gaskiya ne ɗan'uwa, ba labarin mafarauta ba ne. A arewacin Kamaru akwai manyan gandaye uku a jere kamar duwatsun murhu. Na tsakiya shi ne gandun Binuwai, murabba'in kilomita 1,800, kogin ne ma iyakarsa ta gabas, an keɓe shi tun 1932 zamanin Faransa, ya zama gandun ƙasa a 1968, UNESCO ta sa shi cikin jerinta na wuraren kare halittu a 1981. Ta yamma, wajenmu kenan, gandun Faro, shi ya fi girma, murabba'in kilomita 3,300, ya zama gandun ƙasa a 1980. Ta gabas kuma Buba Njidda, 2,200, sunan wani Lamiɗon Rai aka sa masa, ya jingina da iyakar Chadi inda ya haɗe da gandun Sena Ura na can. Tsakanin ukun akwai dazukan farauta da gwamnati ke ba kamfanoni haya, masu kuɗi su zo daga Turai da Amurka su biya su harbi dabba ɗaya biyu bisa ƙa'ida. Mutum zai iya ƙin wannan tsarin, ni ma ba duka nake so ba, amma in ba don waɗannan dazukan ba da tuni gandayen uku sun zama tsibirai, dabba ba ta da hanyar fita daga wannan zuwa wancan.

Dajin irin wanda ka sani ne amma wanda gatari bai ci ba, doka da maje da kawo da madaci da marke, gamba ta fi mutum tsawo da kaka, sai kurmi mai duhu a bakin kogi. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, mariya, gwambaza, mazo, gada, mugun dawa, gwaggon biri garke-garke, damisa da kura. Akwai raƙumin dawa ƴan kaɗan. Akwai giwa, ta fi yawa a Buba Njidda. Zaki kuwa, wannan yankin yana cikin manyan wuraren da ya rage masa a duk yammaci da tsakiyar Afirka, alhali mu a Najeriya sai ɗan abin da ya saura a Yankari da Kainji. Amma sarkin dajin a wurin masu sanin daji ba zaki ba ne, wata dabba ce da Fulani ke kira yamusa, ita ce mafi girma a duk dangin su gwanki da barewa a duniya, namijin ya kai bijimin sa, ƙahonsa a murɗe kamar igiya, jikinsa ja-ja da fararen zane a haƙarƙari. Ganye take ci ba ciyawa ba, kuma tsoro gare ta ba kaɗan ba, sai ka yi sati kana bin sawunta ka ga rassan da ta karya da ƙaho amma ita ba ka gan ta ba. Har yarjejeniyar da Kamaru da Chadi suka sa wa hannu a 2011 kan gandayensu biyu na kan iyaka sunanta aka sa mata.

Da rani komai bakin kogi yake komawa. A Faro ruwa kan tsaya a gurbi-gurbi masu zurfi tsakanin duwatsu, nan dorinai ke cunkushewa, wani dare mun kwana a kan rairayi kusa da irin wannan gurbin, wallahi har asuba gurnaninsu bai bari mun runtsa sosai ba, da gari ya waye muka ga hanyar da suka bi suka fita kiwo, sawu biyu a jere kamar an ja amalanke, ga sawun damisa a kan nasu ta zo shan ruwa ta koma. A cikin gurbin kuma ga kada, ga giwan ruwa manya, ga tsage mai haƙora, har daga ƙasashen waje ake zuwa kamun su a sake. Kashin dorinar nan da kake gani shi ke ciyar da ƙananan kifi, inda aka kashe dorinai sarkawa ne ke fara ganewa don kamu yana raguwa. Can ƙasa inda ruwa ya natsu kuma akwai ayu, a Binuwai da tafkin Lere, ko da yake masu neman mansa sun kusa ƙarar da shi.

Abin da aka rasa ma dole in faɗa. Baƙin karkanda na yammacin Afirka, a dazukan nan ne na ƙarshensu suka rayu. An yi bincike a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar da cewa irinsa ya ƙare a duniya. Ya ƙare fa, babu shi a gidan zu babu shi a ko'ina, saboda ƙaho. Sannan farkon 2012 mahaya dawakai da manyan bindigogi suka keto daga wajen Sudan da Chadi suka shiga Buba Njidda, cikin ƴan makonni suka kashe ɗaruruwan giwaye suka cire haure, sai da aka tura sojoji. Kyarkeci ma da ake gani da, yanzu ganin sa ya zama labari.

Namu ɓangaren fa? Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, an kafa shi a 1991 da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti, hedikwatarsa a Serti. Ɓangaren Gumti na arewa, wajen Toungo, daji ne irin na Faro kuma ba su da nisa da juna. Ɓangaren kudu kuwa wata duniya ce, duwatsu da kurmi da hazo, a nan Chabbal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a ƙasar nan, kuma kan iyaka yake. A kurmin akwai birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, irin da babu shi sai a Najeriya da Kamaru. Koguna irin su Kam da Gashaka da Gamgam daga nan suke fitowa su haɗu su zama kogin Taraba. Zaki da giwa sai dai tsofaffi su ba ka labarinsu a Gumti, amma tunda suna nan a tsallake, in aka tsare dajin da ke tsakani za su iya dawowa da ƙafarsu, ba sai an ɗauko su a mota ba. Tun 2017 wata gidauniya mai suna ANI ke aiki da hukumar gandun wajen ɗaukar ma'aikatan sintiri da horar da su, a Faro kuma wata ƙungiyar kare namun daji mai suna AWF na irin wannan aikin, kuma a Garwa akwai makarantar koyon aikin namun daji tun 1970 wadda ta yaye ma'aikata daga ƙasashen Afirka da yawa.

Abin da ke cin dazukan yanzu ba bindiga kaɗai ba ce. Na farko shanu. Kuma a nan ina so a yi adalci, don na zauna da makiyayan nan a ruga na sha nononsu, ba mugunta ke kai su gandu ba, burtalin da kakanninsu ke bi an nome shi, a Kamaru auduga ta cinye, a wajenmu masara da shinkafa, fadamar da suke sauka da rani ta zama lambu, ga rashin tsaro ya koro wasu daga nesa, toh ina za su? Sai inda ciyawa da ruwa suka rage. Amma ɓarnar ma gaskiya ce, ana sassabe kawo da madaci a ba shanu ganye har bishiyar ta mutu a tsaye, ana sa wuta ba lokacinta ba, in zaki ya kama saniya a barbaɗa wa mushen maganin ƙwari, zakin ya mutu, kura ta mutu, ungulu ta faɗo goma-goma. Dabarar da na ga tana aiki ita ce wadda ake yi a Faro, a ɗauki ƴaƴan makiyayan su da kansu su riƙa tarar garke tun kafin ya shiga, su yi magana da Fulatanci su nuna hanyar da aka yarda a bi, da sa hannun lamiɓe da arɗo-arɗo. Kame da tara kaɗai na ga an gwada, gaba kawai yake haifarwa.

Sai masu haƙar zinariya da ke tone bakin rafuka a cikin gandun, su bar ramuka, su ci naman daji. Sai kuma madobiya, wadda a Taraba ake ce wa Madrid, shekarun baya an yi mata wawa ana loda tireloli zuwa tashar jirgin ruwa a kai China, har aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga 2017, amma kafin nan tsaunuka da yawa sun koma tsirara.

Ga inda maganar ta komo kanka kai ɗan Jimeta. Wata damina muna kan hanyar Gashaka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun dare. Da safe muka tsallaka wani rafi da ke fitowa daga cikin kurmin gandu, ya ƙaru amma garau yake kana ganin tsakuwa a ƙasa, muka cika jarkokinmu. Ba mu yi tafiyar awa guda ba muka iso wani rafin mai girman wancan, shi kuma daga tsaunin da aka sare aka nome yake gangarowa, ja wur kamar kunun kanwa, ya yi awon gaba da rabin gonar wani bawan Allah, sai da muka jira har la'asar ya sauka. Da muka dawo ta wurin da rani na farkon yana gudu, na biyun ko ɗigo babu. Kurmi da ciyawar kan dutse suna riƙe ruwa su sake shi sannu a hankali, in an cire su duk ruwan a rana ɗaya yake saukowa, da ƙasar tsaunin a cikinsa, ita ce ke cike cikin kogin ta sa ya kasa ɗaukar abin da yake ɗauka da. Jiragen ruwa na kaya da ke hawowa har Garwa da damina a zamanin baya, yau ko an kawo su yashi ba zai bar su ba. Shi yasa ni ban ɗauki Faro da Gashaka a matsayin wurin yawon Turawa ba, kuma yana min ciwo yadda ma'aikacin sintiri na nan ba ya iya bin ɓarawon daji in ya tsallaka can, na can ma haka, alhali saniya da zaki da mai zarto duk tsallakawa suke yadda suka ga dama.

In kana so ka gani da idonka, fara da na kusa. Daga Yola ka bi ta Fufore ka je Gurin da rani ka tsaya a kan rairayin Faro, Alantika na gabanka. In kuma Gashaka ce, ta Jalingo da Bali za ka bi zuwa Serti, tsakanin Disamba da Maris lokacin da ciyawa ta kwanta rafuka suka sauka, ka fara zuwa ofishin gandun su haɗa ka da ma'aikaci, kar ka shiga kai kaɗai, kuma ka tambayi halin tsaron hanya kafin ka tashi, haka ma in Kamaru za ka tsallaka. Ka riƙe takalmi mai ƙarfi da riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ba kuma ba shuɗiya ba, don ƙudan tsando waɗannan kalolin yake bi.